Gangarka Ta Shiga Jami'a, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Arzika, makaɗin noma na Filinge.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Damina ta yi kyau gwargwado, gero ya shiga rumbu.

Na rubuto ne in faɗa maka da kaina cewa na karya maganarka. Ranar Talatar da ta wuce na sauke gangarka daga inda ka rataye ta, na kai ta Yamai, na buga ta a gaban malaman jami'a, ranar da suke gwada masu neman shiga sashen kiɗa. Ban zo neman gafara ba tukuna. Ka fara jin yadda aka yi. Masu karanta wannan a salula, har da waɗanda suka ce ɗiyar Arzika ta zautu, ta ajiye alli za ta koma roƙo, su ma su matso su ji.

Ka tuna ranar da ka kama ni? Shekarata goma sha uku. Ka tafi kasuwa, na hau turmi na ciro gangar, na shige ɗaki ina buga taken manoman unguwarmu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya Inna ta gaya mini ka daɗe tsaye a bayan danga kana saurare kafin ka shigo. Ba ka dake ni ba. Ka karɓi gangar, ka mayar da ƙusar sama inda ko turmi ba zai kai ni ba, ka ce, "Wagga ganga ba taki ta ba. Na sa ki lakwal ki yi boko don a kira sunanki, ɗiyata, ba ke ki tsaya kiran na mutane ba."

Na san abin da ya sa ka faɗi haka. Na gani da idona. A gonar gayya kai ne kake bin bayan manoma tun hantsi, ganga a kafaɗa, gumi har ƙafa, kana kiran kowa da takensa har raggo ya zama namiji. Amma a taron suna bakin ƙofa ake shimfiɗa maka tabarma. Mutanen da ka ba ƙarfi a gona su ne suke cewa maroƙi ya zo. Wannan abin ya ci maka rai, kuma ni ma ya ci mini.

Sai dai kai ma ba ka da gaskiya duka. Da baki ka hana ni, amma da tsaki ka koya mini. In ina kiɗa a gindin ƙwarya ko a jikin bido, jarkar ruwanmu, kana can kana gyaran igiya kamar ba ka ji, da zarar hannun hagu ya makara sai in ji tsaki. In sake. In ya daidaita, ka yi shiru. Shekara nawa muka yi a haka, ba wanda ya taɓa cewa darasi ake yi. Wanda ba ya son a koyi abu ba ya gyara wa mai koyo, Baba.

Na yi maka biyayya iyakar iyawata. Na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na zama malamar lakwal, ana ce mini Madan. Shekara shida ke nan da rasuwarka, gangar tana rataye, ɓera ya fara taɓa igiyarta. Gayya ta ja baya, samari sun tafi ci-rani, waɗanda suka rage kuma salula ce take musu kiɗa daga aljihu. Wata rana ina share allo na nemi taken wani tsoho a kaina, na rasa rabinsa. Nan tsoro ya kama ni. Taken mutanen garin nan duka a kaina kaɗai suka saura, kan nawa kuwa ya fara yoyo. Na ji ana koyar da rubuta kiɗa a jami'a, yadda ake rubuta magana. Shi na tafi nema.

Ranar tafiyar, Inna ce ta riƙe mini turmin da na hau. Ba ta ce je ki ba, ba ta ce kar ki je ba. Ta dai kawo zanenta mai kyau ta naɗe gangar da shi.

A hanya duk shingen jami'an tsaro da muka tsaya sai an ce a kwance zanen, sai kuma a tambayi ina mai gangar. A Bonkuku na ce ta mahaifina ce. A shinge na gaba na ce tamu ce. Kafin mu shiga Yamai na gaji, na ce tawa ce, kuma sama ba ta faɗo ba.

Ɗakin gwajin babba ne, ƙasa sumul, ga sanyin na'ura. Masu nema sun cika baranda, wannan da gita, wancan da takardu cike da ɗigo-ɗigo. Malamai uku ne a teburi: wata mace mai fara'a kusa da piyano, wani mai yawan rubutu, da babbansu, dattijo mai furfura cikin kwat, wanda ban ji kalmar Hausa ko ɗaya daga bakinsa ba tun safe, sai Faransanci. Matar ta buga sauti ta ce in maimaita da murya, na maimaita. Aka miƙo mini takardar ɗigo-ɗigo aka ce in karanta. Na mayar musu na ce ban iya ba, shi ya kawo ni. Mai rubutu ya rubuta wani abu gajere.

Sannan aka ce in buga abin da na zo da shi.

Baba, na rataya gangar, na ɗaga gula, kiɗa ya ƙi zuwa. Hannuna yana bugu amma abin da yake fita ba shi da rai, kamar ana kakkaɓe tabarma. Mai kwat ya ce lokacina ba ya zama wuri ɗaya. Ya ɗauko wata 'yar na'ura mai ƙas-ƙas kamar agogo ya ajiye a teburi, ya ce in bi ta. Na bi ta, abin ya ƙara lalacewa. Na ji dariya ƙasa-ƙasa daga bakin taga, inda sauran suke leƙe.

A nan na tuna mutumin rediyo da ya taɓa zuwa gidanmu da akwatin ɗaukar murya, ya ce ka buga masa a zaure. Ka ɗan taɓa, ka ajiye gula, ka ce, "Ni ban iya kiɗa ma bango ba. Makaɗin noma bayan mutum yaka kallo. Ku tai da ni gona." Ranar na ji kunya, na ɗauka ƙauyanci ne. Ka yafe mini wannan.

Na sauke hannu. Na ce a kashe na'urar, domin ba ta gajiya, ba ta gumi, ba abin da zan gaya mata. Na ce wannan gangar noma ce, ba ta da lokacin kanta, daga kafaɗar mai noma take ɗauka, don haka a ba ni mutum ɗaya ya yi noma a gabana. Mai kwat ya ce nan jami'a ce, ba gona ba. Na ce to su ba ni sifili, amma su rubuta cewa ba a ba ni abin aiki ba, kar su rubuta ban iya ba. Ban janye ba.

Sai dattijon ya tashi, ya cire kwat, ya nufi lungu inda masu shara suka jingine tsintsiya mai doguwar sanda. Ba don tausayi ya tashi ba, a fuskarsa na gani. So yake ya nuna mini cewa surutu ne kawai. Ya kama sandar ya fara turawa yadda ake tura haiwa, fartanyarmu mai doguwar ƙota, a tsaye, yana yi yana canzawa da gangan: ya yi sauri, ya ja jiki, ya tsaya cak, don in faɗi.

Bai san abin da ya ba ni ba. Daga riƙon farko na gane hannun nan ya taɓa noma. Kafaɗar dama tana sauka kafin ƙafa ta motsa, kuma baya ba ya iya ɓoye abin da zai yi. Na daina kallon teburi, na daina kallon gangar, na bi bayansa. Ya yi sauri, ina nan. Ya tsaya, na riga shi tsayawa. Da ya koma jan jiki yana nema ya wulaƙanta ni, wallahi ban yi shawara da kaina ba, hannuna ya sakar masa kiɗan raggo. Wanda kake yi wa na ƙarshe a gayya, bugu uku da ɗingishi, har kowa ya juyo yana dariya.

Wuyansa ya sandare. Sai ya sunkuyar da kai ya danna sandar da gaske. Ni kuma na juya masa taken gwarzo, na yi yadda kake yi: ka bi mutum har ya saki jiki, sannan ka ja shi. Na ƙara wuta kaɗan-kaɗan, yana bi bai sani ba. Kafin ya farga ya share ɗakin daga bango zuwa bango, rigarsa ta jiƙe, masu leƙe suna tafi.

Ya tsaya yana haki, ya dube ni, Faransancin duk ya gudu. Da Hausar Kurfai tsantsa ya ce, "Ke ɗiyar wa ta? Ni anka yi ma kiɗan raggo?" Ashe ɗan ƙasarmu ne, kuma ya ce rabonsa da jin wannan kiɗan tun yana saurayi a gonar kawunsa. Ban tambaye shi wa aka buga wa a gonar kawun nasa ba. Ya mayar da kwat ɗinsa, bai yi murmushi ba, ya ce in fita.

Na zauna a gindin bishiyar bedi da gangar a cinya, na tabbata na kashe kaina da hannuna. Wa yake zagin alƙali ranar shari'arsa? A wurin na yi fushi da kai, Baba, fushi na gaske. Da ka zaunar da ni ka koya mini a fili, da ka bar ni na riƙe ta a gabanka ko sau ɗaya, da ban zo ina rawar jiki a gaban baƙi ba. Na yi kuka, na share da bakin zanen Inna. Amma ko a lokacin ban yi nadamar kiɗan raggon ba. Ya ja jiki, kuma abin da ake yi wa mai jan jiki ke nan.

Bayan la'asar mai rubutu ya fito da takarda, muka taru. Ya yi ta kira, ana ta murna, ni ina ɗaure bakin zane don in kama hanyar tasha. Sai na ji ya ce, "Hadiza Arzika."

Sun ɗauke ni, da sharaɗin in koyi karatun ɗigo-ɗigon nan kafin ƙarshen zangon farko. Zan koya. Wanda ya koyi kiɗa da tsaki ba takarda ce za ta gagare shi ba.

Ka ce ka sa ni lakwal don a kira sunana. To an kira, Baba, da ƙarfi, a tsakiyar jami'a. Kuma ba su iya kiran nawa ba sai da suka haɗa da naka. Ba a bakin ƙofa ba, a cikin takarda. Matar nan mai piyano ta nuna mini cewa a saman kowane kiɗa da aka rubuta akwai wurin da ake sa sunan mai shi. Na riga na san abin da zan sa a wurin, take bayan take, har in gama da duk wanda ya saura a kaina.

Yanzu ne nake neman gafararka, ba don na tafi ba, sai don na daɗe ban tafi ba. Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya wa masu noma rana. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa in gama abin da na ɗauko. Amin.

Abu ɗaya ban faɗa maka ba. Duk tsawon kiɗan nan, tun daga bango har bango, kunnena ɗaya yana baya yana jiran tsakinka. Ban ji ba.

Ɗiyarka mai taurin kai,
Hadiza