Ƙwayar Gas a Ɗakin Masu Dako

Gadarif, ranar Talata

Zuwa ga matata Ummusalama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da Inna, da duk mutanen Mai Wurno. Damina biyu ke nan rabona da gida. Layin waya a wajenku ya ƙi shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Kin san ni da ƙanenki Nu'uman dako muke yi a mahazan na Alhaji Eltayeb, inda ake tara dawa. Akwai wata ƙwaya mai launin toka da ake cusawa tsakanin buhuna saboda ƙwari, a lulluɓe da tamfol. Mu ƙwayar gas muke ce mata. Sai a asibiti na ji sunanta na gaskiya, wai aluminiyam fosfaid. In tana bushe cikin gwangwani a rufe, lafiya lau. Da ta sha laima sai ta saki iskar da ake kira fosfin, mai warin tafarnuwa. Da ita ake kashe ƙwari a manyan rumbuna, har cikin jiragen ruwa. Kowa ya san wannan, Ummu, ban da mu da muke kwana kusa da ita.

Ranar Alhamis mai sa maganin ya gama aikinsa, ya ture ragowar gwangwanin, murfi a sake, ƙarƙashin gadon igiya a ɗakin da muke hutawa. Bayan azahar zafi ya yi zafi. Hamoda, abokin aikinmu, ya yi abin da kowa ke yi a ƙasar nan: ya kwara ruwa a daɓe don ɗaki ya yi sanyi, ya ja ƙofa saboda ƙuda. Su huɗu suka kwanta. Ni an aike ni kasuwa neman igiyar ɗinki.

Da na dawo la'asar, warin ne ya tare ni a bakin ƙofa. Na naɗe hancina da rawani na jawo su ɗaya bayan ɗaya. Nu'uman ne a kan gadon nan. Yana amai, yana cewa ƙirjinsa wuta, amma yana magana, har ya tsokane ni wai surukin banza, sai da na gama da baƙi na tuna da shi. Na ɗauka ya tsira. Da aka kai su asibiti, likita ya ce gubar ba ta da makari, zuciya take kamawa. Allah ya karɓi abinsa ranar Juma'a da hantsi. Mun yi masa sutura bayan sallar Juma'a. Sauran ukun sun tashi.

Kada a zagi Hamoda, ruwa kawai ya zuba, kuma tun ranar bai ci abinci ba. Alhaji ya biya asibiti da likkafani, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma shekara nawa yana sayen abin nan, bai taɓa tara mu ya ce kada ruwa ya taɓa shi ba.

Ke za ki gaya wa Inna, sannan ku je wajen Asia matar Nu'uman tare. Ni ba zan iya ba.

Na bar aikin. Abin da na tara: buhun dawa uku, rabin buhun riɗi, da kuɗin mota. Buhu biyu na Asia ne.

Mijinki,
Wada