Kada Ku Share Gidan Yohanna

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke gudanar da wasan Garin Gayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, kuma aiki yana tafiya yadda ake so.

Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin gona ne a Hunkuyi. A cikin wasanku ana kirana Baba Na-Tsamiya, kuma ku da kanku kuka naɗa ni mai unguwar Tudun Gero. Na kai kuka ta hanyar da kuka tanada, shiru kamar an shuka dusa. Shi ya sa na fito fili, ko da yake ba haka aka rene ni ba.

Saboda masu karatun da ba su san wasan ba, gari ne da ke cikin waya. Mutum ya shiga a ba shi fili, ya gina gida, ya yi noma, ya kira gayya mutane su zo daga ko'ina su taya shi. Kowane gida kuma yana da murya: mai gidan zai naɗi tasa, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ta amsa masa. Na shiga ne bayan ciwon ƙafa ya raba ni da gonar gaske. Na jawo abokina Yohanna na Kurmin Kogi, wanda muka yi aikin gona tare tun muna samari, ya gina kusa da ni, ya dasa tsamiya tsakaninmu. Yohanna ya rasu bara da kaka. Gidan yana nan, muryarsa tana nan. Matarsa Saratu ba ta koyi latsa waya don komai ba sai don ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofar nan duk Lahadi in ta taso daga coci.

Ga kokena.

Na farko. Da faɗuwar daminar bana wani da ya laƙaba wa kansa suna Guguwa ya sauka unguwarmu. Sana'arsa ita ce ya buɗe garken mutum ya kora shanu cikin gonar maƙwabci, ya cinna wa rumbu wuta, ya tsaya bakin rijiya yana zagin mata. Na san za a ce ai wasa ne, geron cikin waya ba a tuwo da shi. Haka ne. Amma zagin da ya shiga kunne na gaske ne, kuma matan unguwa da dama sun daina shigowa.

Na biyu. Na kira ma'aikacinku da ya naɗa ni, ya ce ai don irin wannan aka yi mai unguwa, mu sasanta tsakaninmu. Muka yi yadda muka gada. Da muka bincika, ashe saurayi ne ɗan Makarfi, har mun san kawunsa a kasuwar hatsi. A wurinmu ba a kai ɗan mutum ƙara ba a gana da manyansa ba. Don haka na hana kowa taɓa maɓallin kai ƙara da ke cikin wasan, na ce a rufa wa gidansu asiri. Na dogara sandata na hau mota zuwa Makarfi. Kawun ya sa aka kira shi, ya durƙusa ya ba da haƙuri, har na sa masa albarka. Ƙurar motata ba ta gama lafawa ba ya dawo unguwar da abokansa. Sai muka yi masa hukuncin ƙarshe da ƙauye ya sani, muka ƙaurace masa: ba gaisuwa, ba ciniki, ba gayya.

Na uku. Kunyar da muka ji ta gidansu, shi bai ji tamu ba. Ya tara abokan nan suka yi ta danna maɓallin ƙara a kaina da sauran dattawa, wai mun ware shi. Na'urarku ta duba ta ga babu ƙara a kansa, mu kuwa tamu tuli. Na wayi gari an rufe ni, an hana ni shiga wasan. Ba wanda ya kira ya ji ta bakina, ma'aikacin da ya ce mu sasanta ma ya daina ɗaukar wayata. Daga baya na ji kun ba Guguwa sarautar unguwar, wai ya fi kowa zama cikin wasan kuma ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Kun ba kura ajiyar nama, kuka kuma yi mata rawani.

Irin wannan kora ba baƙuwata ba ce. Zamanin soja, lokacin tsuke bakin aljihu, ni da Yohanna muka zo ofis da safe aka ce an sallame mu, ba laifi ba tambaya. Muka haɗiye. Amma soja bai taɓa ce mana mu nasa ne ba. Ku kuwa kun kira mu iyayen gari, kun ɗauki hoton unguwarmu kuna talla da shi, kun yi alkawari cewa gidan mamaci ba a taɓa shi. Na yarda da ku, na kuma sa mutane sun yarda da ku. An ci amanata, kuma ya yi mini zafi fiye da waccan sallamar.

Na huɗu, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa. Kun fitar da sanarwa da Turanci cewa Tudun Gero ta zama unguwar rigima, za ku share ta ƙarshen watan nan ku sake raba filaye. Wato maganin ɓera a wurinku shi ne a ƙone rumbu. Sharewar nan ta haɗa da gidan Yohanna. Shi ba mutum ne mai aika saƙon murya ba, wayarsa kuma ta lalace tun yana kwance. Abin da ya rage na muryarsa a duniya yana hannunku: "Wa ke sallama? Shigo mana, ai gidanka ne," da ɗan tarin da ya yi a ƙarshe.

Roƙona ba shi da yawa. Kafin a rufe kowa, a sa mutum mai jin Hausa ya saurari ɓangare biyu, wanda ya san cewa a wurinmu rashin kai ƙara ba rashin laifi ba ne. Mai ɓarna a yi masa gargaɗi, in ya ƙi a ƙwace masa ikon taɓa garke da rumbun wani. Ban ce a kori yaron nan har abada ba, ƙuruciya ce, kuma har gobe ina gaisawa da kawunsa. Sarautar unguwa ku riƙe abinku, ban nemi a mayar mini ba. Amma ku bar gidan Yohanna inda yake. In kuwa na'urarku ba ta iya tsallake gida ɗaya ba, to ku ciro muryar ku ba matarsa.

Saratu ba ta jin Turanci, ba ta san da sanarwarku ba. Shekaranjiya ta kira ni tana tambayar me ya sa ba ta ganina a gindin tsamiya, na ce mata ƙafar ce ta motsa. Ni na kai mata labarin rasuwar mijinta daga asibiti, kuma ba zan iya kai mata wannan ba. In kun nace sai kun share, ku aiko wani daga cikinku Kurmin Kogi ya faɗa mata da bakinsa, kafin Lahadin farko ta sabon wata ta ƙwanƙwasa ta ji shiru.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya ja kwananka, ya albarkaci zuriyarka. Ranar da za ka bar duniya kuma, Allah ya sa abin da ka bar wa iyalinka ya faɗa hannun masu riƙon amana.

Wassalam.

Naka,
Baba Na-Tsamiya,
tsohon mai unguwar Tudun Gero, daga Hunkuyi.