Kafin a Yayyanka Jirgin da Yaron Ya Yi Aiki a Kansa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ya shirya bikin ajiye jirgin ruwan yaƙin nan mai ɗaukar jiragen sama.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da abokan aikinka. Ni mai jinyar tsofaffi ce a garin Greenbelt, ban saba ɗaga murya ba. Na rubuta da Hausa ne, 'yata za ta juya muku zuwa Turanci, domin ƙarancin Turancina na cikin abin da ya jawo wannan magana.

Na farko, yaron da na fara haifa ya yi aiki a jirgin nan, cikin masu ba jiragen sama hannu idan za su tashi. Yakan ce mini gari ne guda, har da wanzami da masu wanki, kuma an ƙera shi tun ba a haife shi ba. Damuwarsa ɗaya alƙibla: yana cikin salla sai jirgin ya juya. Na ce masa ya fuskanci inda ya fi zato, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Daga saman jirgin nan ya faɗa teku ana tsakar aiki, ba a ga gawarsa ba. Salatul ga'ib aka yi masa a masallacinmu na Beltsville. Ban zargi kowa ba, kwana ne ya ƙare.

Na biyu, kafin bikin wata yarinya daga ofishinku ta kira ni, kuma gaskiya ta yi ladabi. Ta ce za a kaɗa ƙararrawa don waɗanda suka rasu a bakin aiki, kowace uwa ta miƙe ta kira sunan ɗanta. Na ce ba zan iya ba. Ta sake tambaya, na ce a wurinmu ba a yin haka. Ta ce ta gane, ni ma na ɗauka ta gane.

Ranka ya daɗe, inda na tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Alkunya ce, ba ƙiyayya ba. Tun ranar suna har ranar da ya sa kaki, bakina bai taɓa furta shi ba, shi ma bai taɓa jiran haka daga gare ni ba. Ashe ita yarinyar rubutawa ta yi cewa iyalinsa ba sa son a ambace shi. Gayyata ba ta zo ba. Sai a bidiyon da abokin aikinsa ya turo na ga an yi an gama. Na saurari sunayen har ƙarshe, na sake komawa farko, ko kunnena ne. An tsallake shi, wai don girmama ra'ayina.

Ba na so a taɓa aikin yarinyar nan, ina tsoron hakkinta. Amma da an sake kira sau ɗaya, ko an nemi 'yata, da ƙanwarsa ce ta miƙe ta kira shi, ina zaune ina cewa amin.

Na uku, yanzu na ji za a ja jirgin a kai shi inda za a yayyanka shi. Ku a wurinku ƙarfe ne ya tsufa. Ni ba ni da kabarin da zan nuna wa 'ya'yan ƙanwarsa. Wurin da ƙafarsa ta taka na ƙarshe shi ne saman jirgin nan.

Roƙona biyu ne. A mayar da sunansa cikin na 'yan'uwansa, a kuma goge maganar cewa mun ƙi. Sannan kafin a ja jirgin, a bar mu mu hau, ni da 'yata, gwargwadon karanta Yasin ƙafa ɗaya. Ba ma buƙatar ƙararrawa ko kujera. Idan kuma ƙa'idarku ce sai uwa ta faɗi sunan da bakinta, to ku kai ni wurin, zan faɗa. Ba dai da ƙarfi ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare yaran mutane da ke kan ruwa, ya mayar da kowa ga uwarsa.

Wassalam.

Hajiya Rakiya,
Greenbelt.