Littafin da Ya Tafi Cikin Kayan Mama

Zuwa ga Innata, Maman Tonderai, a Chiredzi.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman gafara da na yi ƙarfin halin rubuto miki, don ba ni ya kamata in fara ba. Ina fatan kina lafiya, kuma ƙafar nan ta yi sauƙi. Allah ya ƙara mana haƙurin rashin ƙanwarki, Mamana. Mu a Rusape lafiya lau, na koma makaranta, ƙanena Kudzi kuma ya daina tambayar yaushe za ta dawo.

Inna, ranar da dangi suka raba kayan Mama kamar yadda aka saba, akwai wani littafi marar bango da ya shiga cikin zannuwan da aka ba ki. A bakin titi ta saye shi, ko sunansa ba mu sani ba, balle in nemo wani. Labarin ban dariya ne na soyayya: wani malami mai tsantseni ya zauna kusa da wata mai sayar da kaji, mai surutu, a motar da ta yi ta lalacewa a hanya. Tun da idon Baba ya yi rauni, Mama ke karanta masa duk Lahadi bayan mun ci sadza, tuwonmu na masara. Takan tsaya ta ce ga Baba nan an rubuta shi, sarkin shiru, wanda ya yi tafiya da ita har Mutare bai ce mata komai ba illa ta janye kwandonta daga ƙafarsa. Shi kuma ya ce ko kajin labarin sun fi ta barin kunne ya huta. Saura kaɗan su gama ta kwanta ciwon ajali.

Yanzu ranar Lahadi zama kawai yake yi a inda suka saba. Kin san suruki ba ya buɗe baki ya nemi abin da dangin matarsa suka ɗauka, ko da allura ce. Sau ɗaya ya tambaye ni, kamar da wasa, ko malamin ya auri mai kajin. Na ce ai dole sun yi aure. Sai ya ce ai Mama ba ta tsallake shafi.

An ce mai nema yana tare da samu. Ba mayarwa nake roƙo ba, Inna, na san rabonki ne. Aro nake roƙo, in karanta masa sauran, in mayar miki da shi a hutu. Muryata ba irin tata ba ce, kuma ban iya muryar mai kajin ba, amma ina gwadawa a hanyar makaranta inda ba kowa. Baba bai san na rubuto ba.

Ki gaishe da Tonderai, da Rumbi, da Kaka Chipuriro. In kin yarda, ki ba ni izini in sake rubutowa, in gaya miki ko ya yi dariya.

'Yarki,
Tsungai