Tsohuwar da Aka Mayar daga Bakin Ƙofa Ranar Kirsimeti

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Mazauna Rukunin Gidajenmu,
Samaru, Zariya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina yi maka sannu da ɗawainiyar jama'a. Sunana Bulus Tanko, malamin firamare, mai zama a gidan ƙarshe na layin bayan masallaci. Ka san ni, don tare muke zama a taron wata-wata, kuma jikokinka biyu sun bi ta ajina.

Ba da son raina na kawo wannan magana fili ba. Na je har gida na yi maka bayani, ka ce in bari sai ranar taro. Ranar taron kuwa batun famfo da kwata ya cinye lokacin, aka tashi ba a kai ga nawa ba. Yanzu ga Ista ta ƙarato, azumi na biye da ita, kuma na ji ana cewa dokar da aka yi aiki da ita a Kirsimeti ita za a sake kafawa a bakin ƙofa. Shi ya sa na daure na rubuta, ko da yake abin da zan faɗa ni ya fi tona wa asiri.

1. Ba ni da ja da dokar kanta. Cutar korona gaskiya ce. Dattijon cocinmu guda an kwantar da shi a asibitin Shika, aka binne shi ba mu samu ko ganin gawarsa ba. Da aka sake jan kunnen jama'a kan taruka a ƙarshen shekarar 2020, kwamitinku ya turo saƙo ta waya cewa a ranakun biki ba za a bar baƙi su shigo ba, kowane gida ya yi shagalinsa da mutanen gidansa. Na ga saƙon na yi murna. A ƙasan saƙon kun fassara mutanen gida da cewa miji ne da mata, da 'ya'yan da suka haifa, da iyayen da suka haife su. Na karanta wannan layin ma, amma ko kusa ban kawo cewa ya shafe ni ba. A zuciyata uwata tana cikin lissafin.

2. Ga wadda nake kira uwa. Sunanta Asabe, ni ina ce mata Inna, yarana suna ce mata Kaka. Mutuniyar wani ƙauye ce gaba da Shika, aure ya kawo ta Sabon Gari, ɗakinta yana kallon ɗakin iyayena a gidan haya. Mahaifiyata ta rasu ina jariri. Lokacin Inna tana goyon 'yarta Saratu, sai ta ɗauke ni ta haɗa mu, kowa da nasa nonon. Matan gidan suka fara kirana Talle, yadda ake kiran yaron da uwarsa ta bari a zanin goyo. Ta hana su, ta ce wanda ke da nono a baki ba maraya ba ne. Da mahaifina ya bi bayan mahaifiyata ina aji uku, babu wani dangin jini da ya zo ɗaukata. Da daddawa da kuka da take sayarwa a kasuwar Sabon Gari na yi karatu. Ita ta je ta nemo mini auren matata Rifkatu, ita ta yi wa yarana uku wankan farko. A tsawon rayuwata ban taɓa jin ta faɗa wa wani cewa ba ita ta haife ni ba, ni ma kafin Kirsimetin nan ban taɓa faɗa ba. Rifkatu ta sani. Yaran ba su sani ba, don ba mu ga ranar da za ta sa a faɗa musu ba.

Da aka yi kullen korona na farko na ɗauko ta ta zauna da mu har damina ta wuce. Bayan an buɗe kasuwa ta koma ɗakinta don kada ta rasa rumfarta, amma duk ƙarshen mako a gidana take kwana, a ɗakin yara, kuma sauran kwanakin ma daga tukunyarmu ake kai mata abinci. Masu gadin ƙofa sun san ta. Ku ma kuna gaisawa da ita a hanya.

3. Ranar Kirsimeti da hantsi ta sauko daga keke mai ƙafa uku a bakin ƙofar rukunin gidajenmu. Tana sanye da ankon da Rifkatu ta ɗinka mana mu duka, har takunkumin fuskarta daga ragowar atamfar aka yi shi. A kanta akwai kwanon wainar da ta soya wa jikokinta. A kan benci kuwa ga sakataren kwamiti da wani ɗan kwamitin, ga bokitin wanke hannu. Ta wanke hannu, aka gwada zafin jikinta aka ce lafiya lau. Duk da haka aka ce ta dakata, aka kira ni a waya.

Na fito yarana na gabana da gudu don sun ji Kaka ta iso. Lokacin mutane na dawowa daga sujadar safe, bakin ƙofar cike yake. Na ce wa sakatare ai Inna ce, 'yar gida ce. Ya ce ya san tana zuwa, amma doka ta faɗi su wane ne 'yan gida, kuma ya ji wata magana a kanta. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce: "Malam Bulus, yau babbar ranarku ce, kada ka yi ƙarya. Ita ta haife ka?"

Ranka ya daɗe, na dubi Inna, ta kawar da kai. Na dubi yarana, suna dariya don a wurinsu tambayar wasa ce. Na ce ba ita ta haife ni ba, amma. A kan wannan amma ɗin ya katse ni, ya ce to magana ta ƙare, a yi haƙuri sai bayan biki.

Da na san abin da na sani yau, da na ce masa wannan ba tambayar da ake yi wa ɗa a gaban uwarsa ba ce, in kama hannunta mu koma Sabon Gari gaba ɗayanmu mu ci Kirsimetinmu a ɗakinta. Ban yi ba. Na tsaya ina roƙo ƙasa-ƙasa kamar wanda aka kama da kayan sata, ina jin nauyin idon maƙwabta. Inna ce ta raba gardamar. Ta sauke kwanon ta miƙa wa babbar 'yata Hannatu, ta ce wa sakatare: "Gaskiya ya faɗa muku, ku ƙyale shi." Ta tsayar da keke ta hau. Ina tsaye har keken ya sha kwana.

4. Wainar nan ba wanda ya iya cin ta. Muna shiga gida Hannatu ta tambaye ni, in Kaka ba ita ta haife ni ba, to mece ce ita a wurinmu. Labarin da ya kamata yaran su ji daga bakin Inna, a ranar da ta zaɓa, cikin raha, sai ga shi na ba su shi a tsaye a tsakar gida.

Da yamma na bi ta Sabon Gari. Na tarar ta cire ankon ta ninke shi a kan akwati. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini ruwa a kofin da take ajiye wa baƙi, ta tambaye ni mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Tun da na zo duniya Bulus take kirana, in ta ji daɗi ta ce Bulus nawa. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, ita ta koya mini kada in yi ƙarya, ba za ta yi fushi don na bi koyarwarta ba. Sai dai ta ce ta tsufa da tsayuwa a ƙofar mutane ana bincika asalinta.

Daga ranar ba ta sake taka rukunin gidajen nan ba. Rifkatu ta je, fastonmu ya je, Saratu ta yi ta kiranta a waya daga Kafanchan. Kowa sai ta karɓe shi da fara'a ta ce za ta zo. Abincin da muke aika mata tana karɓa ta yi godiya, irin godiyar da ake yi wa mai ba da sadaka. Ga ciwon ƙafa yana damunta, ga ɗakin ita kaɗai. In wani abu ya same ta a can, ban san da wane ido zan dubi Saratu ba.

5. Yanzu bari in zo kan ma'anar gida da kuka kafa. A makon nan na Kirsimeti ɗan wani maƙwabcinmu ya iso daga Legas, ya kwana a motar haya cike da mutanen da bai sani ba. Aka buɗe masa ƙofa da sannu da hanya, don ɗan cikin mai gida ne. Ban ga laifinsa ba, ban ga na mahaifinsa ba. Amma in cuta ake gudu, wa ya fi kusa da kawo ta, shi ko tsohuwar da ta kwana a ɗakin yarana ranar Lahadin da ta gabaci Kirsimeti? Cutar ba ta tambayar wa ya haifi wa. Tana bin waɗanda suke shaƙar iska ɗaya, suke sa hannu a kwano ɗaya. Dokarku ta bar wannan ta koma tana auna jini.

Kuma ban san inda aka samo wannan ma'anar ba, don ba ta yi kama da gidajenmu ba. Tun muna yara abin da muka sani shi ne, mutanen gida su ne masu ci daga tukunya ɗaya. Ka bi layukan nan gida-gida. Za ka tarar da 'yar riƙo, da agola, da ƙanin miji mai karatu a jami'a, da gwaggon da mijinta ya rasu ta dawo wurin ɗan wanta, da tsohon da ba a ma tuna yadda aka haɗu da shi ba amma ba a ɗaura aure sai ya sa baki. Musulminmu da Kiristanmu duk haka muke zaune. Akwai yaran da har yau ba su san riƙonsu ake yi ba. In aka bar wannan tambaya a bakin ƙofa har ranar Sallah, ba gidana kaɗai za ta shiga ba.

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku.

Na farko, kafin Ista a gyara ma'anar. A ce mutanen gida su ne waɗanda suke kwana a gidan ko suke ci daga tukunyarsa a kai a kai, kuma mai gida da matarsa su ne za su faɗa. Wanda ya taso daga nesa, ko ɗan wane ne, a nemi ya bi matakan kariya.

Na biyu, a hana duk wanda aka sa a ƙofa tambayar asalin mutum a bainar jama'a. In akwai shakka, a ja mai gida gefe. Ba na neman a hukunta sakatare. Abin da aka rubuta masa ya bi, ko da yake yana iya binsa da murya ƙasa.

Na uku shi ya fi mini nauyin faɗa. Ina roƙonka ka ba ni yammaci ɗaya mu je Sabon Gari tare. Ɗakinta ba shi da nisa daga shataletalen PZ. Ni na je na kasa, don bakin da ya yi ɓarnar da shi nake zuwa gyara. Kai dattijo ne, kuma da sunan kwamitinka aka mayar da ita. In ka zauna a tabarmarta ka ce mata ƙofar nan tata ce, ina sa ran za ta ji nauyinka ta tashi ta biyo mu. In kuwa ba za ka samu zuwa ba, ka sanar da ni, in daina ce wa yarana Kaka na nan tafe.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar jama'a da adalci. Allah ya yaye mana wannan annoba, ya tsare iyalinka, ya sa a tsufanka duk ƙofar da ka nufa ka tarar da wanda zai tsaya maka fiye da yadda na tsaya wa tawa uwar.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Bulus Tanko,
Samaru.