Shafin da Aka Ce a Cire

Parakou, 4 ga Maris

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna da mutanen gida duka. Tunda ka rantse ba za ka riƙe waya ba, ga takarda ta hannun Djibrilla direba.

Sashenmu na aikin katako a makarantarmu ta Institut zai cika shekara talatin, kuma ni aka ɗora wa rubuta tarihinsa. Na buɗe tsofaffin takardu, sai ga sunanka a ta farko: Massaoudou, kafinta, shi da ɗalibai bakwai a ƙarƙashin rumfar kwano a unguwar Guéma. A ta ƙarshe kuwa, ta 2003, layi ɗaya ne: "An sallame shi saboda ya ƙi aiki." Darakta Abdoul Karim ya ce in fara tarihin daga ranar da injuna suka iso, in tsallake ka gaba ɗaya, wai don mutuncinka. Raina ya ɓaci, Baba. Wane aiki ka ƙi? Ba ka taɓa gaya mana ba.

'Yarka,
Zouéra

Djougou, 9 ga Maris

Zouéra,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gwiwa.

Mutuncina yana nan Djougou tare da ni, ban bar wa Abdoul Karim ajiyarsa ba. Abin da takarda ta ce gaskiya ne, na ƙi.

A atiliyena, wato rumfar aikina, duk katakon da ya shigo sai na rubuta masa ranar zuwansa da alli, kuma zarto ba ya taɓa shi sai damina biyu ta wuce. Ɗalibai 'yan shekarar farko ba su da aiki sai juya katako don iska ta ratsa shi. Suna zagina a ɓoye, na sani. To a shekarar nan aka gina babban zauren karatu, aka ce benci ɗari biyu cikin wata guda, saboda manyan baƙi za su zo buɗewa. Katakon madacin da aka kawo, in ka kara shi a kumatu sanyinsa za ka ji. Na ce ba zan koya wa yara aiki da ɗanyen katako ba. Aka ce in yi ko in tafi. Na kwashe kayan aikina.

Wani daga cikin ɗalibaina ya karɓi aikin, ya gama a kan lokaci, aka tafa masa. Shi ne yau yake ba ki umarni.

Yanzu ki saurare ni. Kontira gare ki, ba a tabbatar da ke ba, ga yara biyu. Ki tsallake ni. Ban roƙi kowa ya sa ni a littafi ba.

Mahaifinki

Parakou, 17 ga Maris

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ka yi haƙuri, wannan karon ba zan bi maganarka ba.

Na je wajen Saidou mai gadi, wanda yake nan tun zamaninka. Ya kai ni bayan sito ya nuna mini abin da ya rage na bencinan. Baba, na yi dariya har na ji kunya. Sun karkace, sun tsage, ƙusoshi sun fito waje. Ya ce ko shekara ba su yi ba. Na ɗauki hotonsu, na ɗauki na teburin da nake koyarwa a kansa, wanda har yanzu akwai "1995" da rubutunka a ƙarƙashinsa, ko girgiɗi ba ya yi.

Na haɗa hotunan biyu a shafi na tara, da labarin yadda ka ba ni, ga kwafinsa na sa maka a takardar nan. Ban ambaci sunan wanda ya yi bencin ba, amma Darakta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce, "Madame Zouéra, tarihin sashe na ce ki rubuta, ba na gidanku ba." Na ce, "Monsieur, ai a gidanmu sashen ya fara." Ya ce in cire shafin kafin Juma'a, in ba haka ba kwamiti zai zauna a kan kontirata. Ranar Alhamis na hau zem, babur ɗin haya, na kai littafin wajen mai bugawa da hannuna, da shafin a ciki.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma kullum ina tsayawa gaban yara ina ce musu kada su yi ha'inci a aiki. In na cire shafin, da wane baki zan ƙara faɗa?

An sa zaman ranar 26. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka mai taurin kai,
Zouéra

Djougou, 21 ga Maris

Zouéra,

Salama da albarka.

Na karanta shafin da kika aiko sau uku. Akwai kuskure. Kin rubuta cewa an kore ni daga atiliye. Ba wanda ya kore ni, da ƙafata na fita, takardarsu daga baya ta biyo ni. Ki gyara.

Innarki ta ce halina kika ɗauko, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ni kuwa na yi kuka, ban yi tsammanin zan faɗa miki haka ba.

Shekara ashirin da ɗaya ban taka Parakou ba. Na gaya wa Djibrilla ya ajiye mini gaban mota ranar 25. Ki sanar da Abdoul Karim cewa malaminsa zai zauna a wannan zaman, kusa da ke. In zai sa hannu a takardar sallamarki, ya sa ina kallonsa.

Mahaifinki,
Massaoudou kafinta