Pikof ɗin Jitar Baba

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da aikin shago. Inna tana gaishe ka.

Baffa, shekara talatin kuka yi kuna kiɗa tare da Baba, kuma babu wanda ya yarda ya kwance masa jita sai kai. Shi ya sa na kawo maka wannan tambayar. Tun rasuwarsa ban iya buɗe akwatin jitar ba sai da na zo ganin gida makon jiya. Na jona ta, na kaɗa, sai na ji murya mai kauri kamar ta mai mura. Jitar Baba kuwa tas take fita, kowace tsirkiya da bakinta.

Na leƙa ƙarƙashin tsirkiyoyin, inda pikof suke zaune, na'urorin nan masu ɗaukar sauti. Sirara na sani, masu naɗin waya ɗaya. Yanzu masu faɗi ne, masu naɗi biyu, irin waɗanda Baba yake cewa suna lulluɓa wa jita bargo. Ranar Lahadi kuma aka sako sabuwar waƙarka a rediyo, Inna har ta saki ludayi. Muryar jitar Baba ce sak.

Ba zarginka nake yi ba, so nake in fahimta. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na ji daɗi da kika ɗauki jitar. Ki gaishe min da Innarki.

Ku yaran yanzu, da kun ji sauti bai yi ba sai ku kama pikof da laifi. A wace amfilifaya kika jona, ina nufin akwatin ƙara sauti? In wannan ƙaramar taki ce mai taransista, ai ko jitar wa kika sa mata haka za ta yi ta ƙara kamar gwangwani. Babanki tsohuwar nan mai kwalaben lantarki a ciki yake amfani da ita, tana ɗakin ajiya bayan keken ɗinki. Ki kunna ta, ki bar kwalaben su yi zafi tukuna. A maɓallanta ki rage sautin ƙasa, ki ɗaga na tsakiya kaɗan, ki matso da hannunki kusa da gadar jitar, inda gindin tsirkiyoyin yake. Rabin murya a amfilifaya take, sauran a yatsa.

Zancen rediyo kuwa, wanda ya zauna kusa da mutum shekara talatin dole ya kwashi wani abu nasa. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki

*

Baffa,

Bayan gaisuwa. Na fito da amfilifayar, na goge ta, na jira kwalaben har suka yi ja. Na bi duk abin da ka ce. Muryar ta yi daɗi, amma ba ta Baba ba ce.

Na lura ka cika takarda da zancen amfilifaya, pikof kuwa ka tsallake shi. Don haka na kai jitar wurin wani mai gyara a bayan tasha. Ya kwance allon da pikof ɗin suke jiki a gabana. Ya ce an fafe katakon don sababbin su shiga, kuma aikin gwani ne, dalmar ma a gyare take kamar an zana. Na san mai irin wannan hannun, a shagonsa na koyi riƙe ƙarfen dalma.

Faifai biyun da Baba ya fitar bayan aurena dukansu da tsohuwar muryar suka fito. Ke nan har kusa da rasuwarsa siraran suna jikin jitar. Yaushe aka cire su, yana kwance a asibiti ko bayan mun binne shi? Ban faɗa wa Inna ba tukuna. Ina jiran amsarka.

Auta

*

'Yata,

Sallama da fatan alheri. Kwana uku takardarki tana aljihuna.

Ni na cire su, amma ba lokacin da kike zato ba. Shekara huɗu ke nan, wata biyu kafin bikinki. Hannun Babanki na hagu ya fara rawa. Mai naɗi ɗaya ba ya rufa wa kowa asiri, ko numfashin yatsa sai ya faɗa wa duniya. Ya zo shago da kansa ya ce in sa masa masu kauri, su riƙa haɗiye masa kuskure a gaban jama'a. Siraran ya ce in sa a tawa jitar.

Faifai biyun nan da kika kafa hujja da su, waƙoƙinsa ne, shi ya tsara kowane bugu. Amma a ɗakin ɗaukar sauti yana zaune ne a kujera yana nuna min, ni nake kaɗawa ta cikin amfilifayarsa. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba, yau na karya.

Shaida ba ni da ita, mai ɗaukar sautin ya riga shi rasuwa. Ga pikof ɗin nan guda uku cikin ƙunshin da ke tare da takardar, na ciro su jiya. Naki ne. In kin ga dama ki yarda, in ba ki yarda ba ba zan ga laifinki ba.

Baffanki

*

Baffa,

Ƙunshin ya iso. Ban san ko na yarda ba, labarin ya zauna maka daidai ƙwarai, kuma duk wanda zai ƙaryata shi yana ƙasa. Abu ɗaya zan tambaya. Waƙar da Baba ya ɗauka musamman ya ba ni ranar da zan bar gida, wadda nake ji kullum, hannun wa ne a ciki? Kada ka lallashe ni.

Auta

*

'Yata,

Wannan kam Babanki ya hana ni taɓawa. Ya karɓi jitata, sau goma sha ɗaya yana maimaitawa, gumi har cikin idonsa. Ki saurara daf da ƙarshe, akwai inda yatsa ya zame, sautin ya karkace kaɗan. Na ce a sake, ya ce a bar shi, iyakar abin da hannun zai iya ke nan.

Allah ya jiƙansa. Ki gaishe da Innarki.

Baffanki